Tafkin da kifinsa ke mutuwa da ruwan fari: abin da gwajin DNA ya nuna

## Wurin da yadda yake

Tafkin yana cikin fadamar kogin Haɗeja, a gabashin jihar Jigawa, gab da wani gari na masunta da manoma. Ba shi da idon ruwa na kansa. Wani mashigi ne ke kawo masa ruwa daga kogi idan ambaliya ta taso a watannin Agusta da Satumba, ya cika ya tumbatsa, sannan ya yi ta ja da baya har bazara. Ta wannan mashigin kifin kogi ke shigowa ya hayayyafa, ta nan kuma tsohon ruwa ke fita sabo ya maye gurbinsa.

Tun da aka kammala madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, tafiyar ruwa a fadamar nan ta sauya. Ambaliyar damina ta ragu a yawancin shekaru, ga kuma ruwan da ake saki da rani yana jiƙa magudanai duk shekara. Wannan ya yi wa ciyawar kachalla daɗi. Ta toshe mashigai da dama daga Haɗeja har Nguru, na wannan tafki ma bai tsira ba, ya zama sai ruwa ya yi ƙarfi sosai yake iya ratsawa.

Abu na biyu shi ne noman rani. Gonakin shinkafa da alkama da tumatir sun kewaye gefen arewa, ana ja musu ruwa da injin ban ruwa, rarar kuma tana gangarowa ta wani lambatu guda da manoman suka haƙa ya faɗa cikin tafkin. Garin yana gefen yamma, nan ake wanka da wanki, nan jirage ke tsayawa. Mashayar shanu tana kudu. Gabas babu kowa sai bado da tsuntsaye, kuma nan ne ya fi zurfi.

## Shekara ta farko: mutuwar kifi

A ƙarshen bazara, wajen watan Mayu, ruwan gefen arewa ya yi kore shar, har wani kauri ya taru a samansa da iska ke turowa baki. Ba a damu ba, don an saba ganin gansakuka. Da aka yi ruwan fari mai ƙarfi a watan Yuni, da dare, masu zuwa duba taru da asuba suka tarar da kifi ya taso sama yana buɗe baki. Kafin hantsi karfasa da kawara da ƙananan giwan ruwa sun juya ciki sama. Tarwaɗa da gaiwa ba abin da ya same su.

Kowa ya ce ruwa ba ya tsami banza, kuma zargi ya tafi wuri ɗaya, wato wani ya zuba gamalin. Zargin ba daga sama ya faɗo ba. An daɗe ana amfani da wannan maganin ƙwari wajen kashe kifi a kogunan Najeriya, kuma sinadarin da ke cikinsa, lindan, yana cikin waɗanda aka saka a jerin haramci na yarjejeniyar Stockholm, ta ƙasashen duniya kan sinadarai masu haɗari, a 2009. Sarkin ruwa ya kai magana gaban mai gari, aka hana su da dare, aka sa masu gadi. Samari biyu da aka taɓa kamawa da irin wannan laifi suka sha tuhuma, suka rantse, amma aka ƙwace musu koma har ƙarshen damina.

## Sauran abubuwan da aka gwada

Wani ɗan garin da ke aiki a Kano ya kawo zato na biyu: ƙila dattin masana'antun jima ne na Challawa da Sharaɗa, tunda kogin Challawa yana haɗuwa da kogin Kano su zama kogin Haɗeja. Aka ɗebi ruwa a robar lemo, da rana tsaka, bayan kwanaki da faruwar abin, aka kai wani ɗakin gwaje-gwaje. Sakamakon ya nuna sinadarin kuromiyam, wanda masana'antun jima ke aiki da shi, bai kai miligiram 0.05 a lita ba, wato iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wa ruwan sha. Ba a ga maganin ƙwari ba. Takardar ta ce ruwan ba shi da wata matsala, masunta suka ce to me ya kashe kifin.

Sai aka koma kan makiyaya. Wasu suka ce kashin shanu ne ke ruɓar da ruwan, aka nemi Arɗo ya janye garkuna daga mashayar kudu zuwa wani kududdufi mai nisa. Ya amince ba da son ransa ba. Bayan kaka ƙungiyar masunta ta yi karo-karo ta sayo 'ya'yan karfasa daga wata gonar kifi ta zuba.

Bazara ta sake zagayowa, ruwa ya sake yin kore. Da ruwan fari na shekara ta biyu kifi ya mutu kamar bara, har da wanda aka sayo, alhali masu gadi suna bakin tafki a daren, shanu kuma sun yi watanni ba su taka wurin ba.

## Daminar shekara ta biyu: gwajin farko ya lalace

A nan ne wata malamar jami'a mai nazarin halittun ruwa ta shigo cikin lamarin, ta hanyar wani ɗalibinta ɗan garin. Ta ce maimakon neman guba, a tambayi ruwan su wa ke zaune a cikinsa.

Duk abin da ke rayuwa a ruwa yana zubar da wani abu na jikinsa: yauƙi, ɓawo, kashi, ƙwai, matattun ƙwayoyin fata. A cikin waɗannan akwai DNA, wanda na kowane jinsi ya bambanta da na wani. Idan aka tace ruwa ta matata mai ƙananan ƙofofi, yawanci masu faɗin maikiromita 0.45, wannan ɓurɓushin yana maƙalewa. A ɗakin gwaji sai a ciro DNA ɗin, a ninninka wani ɗan guntu nasa da dabarar PCR, a karanta jerin haruffansa, a kwatanta da rumbun bayanan jinsunan da aka riga aka sani. Kamar bin sawu ne, ba ka ga dabbar ba amma ka san ta bi ta nan, kuma ba da daɗewa ba, don DNA a ruwa yana lalacewa cikin kwanaki zuwa 'yan makonni. A 2008 masu bincike a Faransa suka nuna ana iya gano wani kwaɗon Amurka a tafkuna ta wannan hanya. Daga baya aka bi sawun kifin kaf na Asiya da ita a magudanan Chicago, kuma tun 2014 hukumar kula da halittu ta Ingila take karɓar ta a matsayin shaida wajen neman wata ƙaramar halittar ruwa da doka ta kare. Dattawan garin ba su sha wahalar fahimta ba da aka tuna musu cewa tun 2011 ake ɗibar ruwan kwatami a Kano don neman ƙwayar cutar shan inna, ba tare da an duba yaro ko ɗaya ba.

Gwajin farko bai haifar da ɗa mai ido ba. An yi shi a watan Agusta, ruwa ya yi jajir da laka, matata ta toshe tun ba a tura ko kofi guda ba, alhali ana son lita 1 zuwa 2 a kowane wuri. Robobin da ba a iya tacewa ba aka ɗora su a mota, suka wuni cikin zafi, ƙanƙarar kula ta narke tun a hanya. A yawancin samfuran PCR ya ƙi tashi sam, domin laka da ruwan ruɓaɓɓen ganye suna hana shi aiki. Wanda ya tashi, na bakin gari ne, kuma ya fito da sunan kifin teku. An yi ta dariya kafin a gano dalili: a daidai wurin wata mai tuya take wanke kifin ƙanƙara da ake kawo mata daga Haɗeja. Na'urar ba ta yi ƙarya ba, DNA ɗin kifin yana cikin ruwan, sai dai kifin bai taɓa iyo a tafkin ba.

Mai gari ya tambayi malamar ko a haƙura. Ta ce, ranka ya daɗe, a ba ta zuwa hunturu.

## Hunturu da bazara: gwaji na biyu

An sauya kusan komai. Aka zaɓi wurare 4: bakin lambatun arewa, bakin gari, mashayar kudu, da zurfin gabas. Sarkin ruwa ne ya nuna inda za a tsaya a kowanne, kuma da jirgi aka shiga, nesa da inda ake wanke kifi. Aka riƙa barin ruwan ya ɗan kwanta, a fara tace shi da matata mai manyan ƙofofi, sannan a tura shi da sirinji ta ƙaramar, duk a bakin tafki. Matatar ana jefa ta nan take cikin ruwan adanawa da ba ya buƙatar firji. Kowane wuri da safar hannunsa da robarsa, kayan da za a sake amfani da su kuma a jiƙa su a bilic. A kowace fita ana tace ruwan kwalba mai tsabta tare da sauran, don idan shi ma ya nuna kifi an san hannu ne ya gurɓata aikin. A kowane wuri ana ɗaukar samfur 3.

An ɗebi ruwa sau biyu, a watan Janairu da sanyi, da kuma watan Mayu lokacin da koren ya dawo. A ɗakin gwaji aka nemi kifi da wani guntun DNA da ake kira 12S, wanda masu bincike a Japan suka fitar da ma'auninsa a 2015, aka nemi ƙwari da tsutsotsi da dodon koɗi da guntun COI, aka nemi bakteriya da 16S. Sai kuma gwaje-gwaje na musamman: alamar HF183 ta wata bakteriya da ke zama a hanjin mutum, da takwararta ta hanjin dabbobi masu tuƙa, da kuma ƙwayar halittar da ke sa wasu bakteriya su samar da gubar maikirosistin.

Malamar ta bar wa ɗalibin wata ƙaramar na'urar auna iskar oksijin, ta ce ya riƙa aunawa bayan sallar asuba da kuma bayan la'asar a wuraren nan huɗu. A lokacin ba wanda ya ɗauki wannan da muhimmanci.

## Abin da sakamakon ya nuna

A Janairu wuraren huɗu ba su yi nisa da juna sosai ba. Na Mayu ne ya raba tafkin gida biyu.

A zurfin gabas an ga sawun karfasa, kawara, kurungu, giwan ruwa, har da yauni, wanda masunta suka ce sun daɗe ba su kama ba har wasu sun ɗauka ya ƙare. Akwai kuma 'ya'yan ƙwarin da ba sa jure ƙarancin oksijin. A bakin lambatun arewa kuwa jerin ya yi gajere ƙwarai. Kifin da ya rinjaya tarwaɗa ce da gaiwa, waɗanda dukansu suna iya tasowa su shaƙi iskar sama. A ƙasa akwai jajayen tsutsotsin laka da 'ya'yan wani ƙuda mai kama da sauro, halittun da aka sani a duniya da zama inda ruwa ya ruɓe. Koren da ake ce wa gansakuka ya zamana galibi bakteriya ce ta jinsin Microcystis, kuma an sami ƙwayar halittar gubar a cikinta.

Wannan fasali bai yi kama da aikin gamalin ba. Maganin ƙwari yakan fara da ƙwarin ruwa, kuma ba ya ƙyale tarwaɗa don tana shaƙar iska. A nan abin da ya raba mai rai da matacce shi ne iya zama babu oksijin. Na'urar ɗalibin ta tabbatar da haka. Yawancin kifi yana son oksijin miligiram 5 a lita ko fiye, idan aka sauko ƙasa da 2 kuwa ya shiga wahala. Da la'asar ma'aunin arewa yakan haura sama sosai saboda koren yana fitar da oksijin da hasken rana. Da asuba ya faɗi ƙasa da 2, don da dare koren da ruɓaɓɓen datti su ne ke zuƙe iskar. Robar lemon da aka cika da rana tsaka ba yadda za a yi ta ga wannan.

Daga nan labarin ruwan fari ya fito fili. Takin zamani, yuriya mai kashi 46 cikin 100 na naitirojin da kamfa mai fosfaras, yana gangarowa ta lambatu duk rani yana ciyar da koren. Kachalla ta hana ambaliya wanke tafkin, don haka abin da ya shiga a bara yana nan kwance a laka. Ruwan zafi dama ba ya riƙe oksijin da yawa, kusan miligiram 9 a lita idan zafi ya kai digiri 20, amma wajen 7.5 a digiri 30. Idan hadari ya rufe rana, iska ta kaɗa, ruwan sama mai sanyi ya sauka, sai ruwan ƙasa da ba shi da iska ya juyo sama, ga kuma dattin da ya taru a doron ƙasa tsawon rani ya kwararo lokaci guda. Kifin da ya biyo sabon ruwa zuwa bakin lambatu, kamar yadda kifi ke yi da ruwan fari, nan yake shaƙewa.

Batun shanu ya zo da abin da mutanen gari ba su so ji ba. Alamar dabbobi masu tuƙa ta bayyana a kudu, amma kaɗan. Alamar hanjin mutum ita ce ta yi ƙarfi, kuma a bakin gari, inda wani kwari da ake zagayawa cikinsa yake zubowa.

Akwai abubuwan da gwajin ya gaza. Guntun 12S bai wuce haruffa kusan 170 ba, bai iya raba jinsunan karfasa da kyau ba. Kurungu ma ya tsaya a sunan dangi kawai, saboda kifayen Afirka ta Yamma da yawa ba a saka bayanansu a rumbun ba, alhali Sarkin ruwa yana bambance su da ido yana kiran kowanne da sunansa. An kuma sami sawun dodon koɗin Bulinus, mai ɗaukar tsutsar tsargiya, da wani DNA mai kama da na tsutsar, amma ta mutum da ta shanu 'yan uwan juna ne na kusa, gwajin bai rarrabe ba. Aka miƙa wannan ga ma'aikatan lafiya, waɗanda suka duba fitsarin yara suka ba da maganin praziquantel.

## Shekara ta uku: abin da aka yi

Zaman da aka yi a ƙofar mai gari ya yi zafi, don yanzu yatsa ya koma kan manoman rani, kuma da yawansu su ne masuntan da kansu. Ba wanda ya yarda a rage noma. Abin da aka cimma shi ne a karkatar da lambatun ya fara zuba a wata ƙaramar fadama mai ciyawa kafin ya isa tafki, a kuma dasa jema a bakin gonakin da ke gab da ruwa. Malamin gona ya nuna wa manoma su raba yuriya kashi-kashi, su rage ruwan fage kafin su watsa, kuma kada su saki ruwan sai bayan kwanaki. Wannan shi ya fi saurin karɓuwa, tunda takin da ya bi ruwa kuɗin mai gona ne.

Aiki mafi wuya shi ne mashigi. Aka yi gayya da lauje da adda, ana yanke kachalla a ƙarƙashin ruwa don ta nutse ta mutu, aka buɗe hanya mai faɗin jirgi kafin ambaliya. Aka mayar wa Arɗo mashayarsa, da sharaɗin kada a shayar da dabba inda koren ya yi kauri. An kuma gargaɗi mata cewa tafasa ruwa ba ta kashe gubar maikirosistin. Maganar masai ce ta tsaya rabi da rabi: an haƙa wasu kusa da kasuwa, kwarin dai ba a daina zuwa ba.

Da ruwan fari na wannan shekarar an ga matattun kifi a bakin arewa, amma bai bazu ba. Ambaliya ta ratsa mashigin a Satumba. A Mayun shekara ta huɗu aka sake ɗibar ruwa a wuraren huɗu. Koren ya ragu, ma'aunin asuba a arewa ya ɗaga duk da bai kai na gabas ba, sawun karfasa da kawara ya dawo bakin lambatu. Ƙwarin da ba sa jure ƙazanta ba su dawo can ba tukuna. Alamar hanjin mutum a bakin gari tana nan yadda take.

## Hukunci

Matakan farko sun faɗi ne saboda kowanne ya fara da sunan wanda ake zargi, sannan ya nemi hujja. Gadin dare da korar shanu sun ci mutuncin mutanen da ba su da hannu, zuba 'ya'yan kifi a ruwan da ba a gyara ba kuwa asarar kuɗi ce kurum. Gwajin sinadari na robar lemo ba ƙarya ya faɗa ba, amma ya amsa tambayar da ba ita ce matsalar ba, a sa'ar da ba ta dace ba.

Gwajin DNA bai gano guba ba, kuma ba aikinsa ba ne, don ba ya ganin sinadari. Ba ya ƙidaya kifi, ba ya bambance mai rai da matacce. Amfaninsa a nan shi ne ya jera wanda ke zaune a kowane gefe na tafkin a lokaci guda, daga kifi har bakteriya, abin da taru da koma ba za su iya ba, kuma ya raba kashin mutum da na saniya, wanda shi ne ya kashe rigimar da ta fi haɗari a garin.

A ganina dai rabin yabon na na'urar oksijin ne. Da an auna ruwan arewa da asuba tun shekarar farko, da an kama bakin zaren ba tare da an karanta DNA ko ɗaya ba, kuma yadda tarwaɗa ta tsira karfasa ta mutu ya isa ya sa a yi wannan zato. Ba kuma za a iya cewa ga matakin da ya fi aiki ba, tunda an karkatar da lambatu an buɗe mashigi a shekara guda, ga ambaliyar shekarar ta zo da ƙarfi. Damina ɗaya mai kyau ba ta isa shaida ba.

Kuɗin karanta samfuran daga tallafin binciken malamar ya fito, ba abin da ƙungiyar masunta za ta iya ɗauka ba ne. Shirin da aka tsaya a kai shi ne a ci gaba da auna oksijin da asuba daga Afrilu zuwa ruwan fari kowace shekara, a maimaita gwajin DNA idan an sami hali. Kachalla ta riga ta fara tohowa a mashigin, kuma har yanzu ba a daidaita ba tsakanin masunta da manoma kan wanda zai riƙa ciyar da 'yan gayya.